Baƙuwar ciyawar ruwa: kada jirginka ya kawo mana ita

'Yan'uwa masunta, masu jiragen fito da masu lambu na bakin gulbi, yau maganar taku ce. Ku ma masu zuwa Madarunfa shan iska ranar hutu, ku matso kusa. Akwai rabonku a ciki.

Kowa ya san kainuwa. Tana yawo bisa ruwa, ba ta da saiwa cikin ƙasa, shi ya sa ake yi mata kirari da dashen Allah. Kowa ya san bado. Waɗannan tun zamanin kakanninmu muke zaune da su. Kainuwa takan yi yawa wata shekara, amma mun san halinta. To, akwai wata ciyawar ruwa da ba tamu ba. Faransawa suna ce mata jasint. A nan za mu kira ta baƙuwar kainuwa. Ita kam mutum ne ya ɗauko ta daga ƙasarsu, kuma har gobe mutum ne babban mai kai ta inda babu ita.

Yaya kamarta take?

Ku riƙe kamarta da kyau, don ku shaida ta ranar da kuka gan ta. Ganyenta kore ne shar, mai kauri, mai sheƙi kamar an shafa masa mai. Ƙasan ganyen akwai kumburi kamar ɗan ƙaramin gora. In ka matsa shi, za ka ji shi kamar soso, cike da iska. Wannan kumburi shi ke hana ta nutsewa. Saiwarta baƙa ce, mai gashi-gashi, tana reto cikin ruwa. Furenta yana fitowa a kan kara guda, da yawa a jere. Launinsa shuɗi-shuɗi ne mai ɗan ja, kamar zanen da aka tsoma sau ɗaya cikin baba. A kan kowane fure akwai ɗigon rawaya.

Gaskiya furen yana da kyau. Kyan nan kuwa shi ya jawo masifar.

Daga ina ta fito?

Asalinta Amurka ta Kudu, wajen babban kogin Amazon. A can ba ta dami kowa ba, don akwai ƙwari da cututtukan da ke cinta. Masu son furanni suka riƙa ɗaukarta suna kai wa ƙasashe, suna sa ta cikin kududdufan ado. Ƙwarin da ke cinta kuwa aka baro su can. Ta samu wuri babu abokin gaba.

Tun kafin shekara ta 1900 ta shiga Masar. A shekarun 1950 ta mamaye kogin Kwango da kogin Nilu na ƙasar Sudan. A 1984 aka gan ta a ruwan Badagiri, kusa da Legas, ta shigo daga Benin. A ƙarshen shekarun 1980 ta bayyana a kogin Isa, wanda 'yan Najeriya ke kira Kwara. Mutanen Yamai da na Gaya suka fara ganinta tana wucewa tuli-tuli, har ta gangara tabkin Kainji. Wanda ya taɓa tsayawa bisa gadar Yamai lokacin cikar kogi ya san abin da muke faɗi.

A 1989 aka gan ta a tabkin Biktoriya, tabki mafi girma a Afirka, tsakanin Uganda da Kenya da Tanzaniya. Kafin ƙarshen 1998 ta rufe fiye da hekta 17,000 na ruwan. A tashar jiragen Kisumu, manyan jirage ma sun kasa fita. Masu ƙananan kwalekwale kuwa sai suka zauna bakin gaɓa suna kallon ruwa, ga kifi a ciki, babu hanyar kai wa gare shi.

Mu yi ɗan lissafi

Baƙuwar kainuwa tana haihuwa ta hanya biyu. Tana yin iri. Tana kuma yaɗo, kamar dankali: uwa ta miƙa hannu, 'ya ta fito a ƙarshensa, hannun ya tsinke, 'yar ta tafi ta zama uwa. In akwai zafi, ruwa kuma yana da taki, cikin sati biyu takan ninka kanta.

Ku ɗauki alli ku lissafa. Yau tushe 1. Bayan sati biyu 2. Bayan wata ɗaya 4. Bayan wata biyu 16. Har yanzu ba wanda zai kula, ko tabarma ɗaya ba ta rufe ba. Bayan wata huɗu 256. Bayan wata shida 4,096. Bayan wata takwas 65,536. Duk daga tushe ɗaya.

Ku lura da wani abu a lissafin nan. Wata biyu na farko yaro ɗaya da kwando ya isa ya gama da ita. Wata na takwas kuwa gari duka sai ya yi gayya, kuma ba lalle ne a ga bayanta ba.

Ɓarnarta

In ta rufe ruwa, hasken rana ba ya shiga. Ƙananan tsirran da kifi ke ci sai su mutu. Iskar da kifi ke shaƙa cikin ruwa sai ta ragu, musamman in matattun ganyen suka nutse suna ruɓewa. Tarwaɗa da gaiwa suna da juriya, don suna iya shaƙar iska daga sama. Ƙarfasa da giwan ruwa su ne ke fara wahala. Birgi ba ya buɗewa a kan ciyawa. Taru yana cika da ita har ya kece. Mamari yana sarƙewa. Tafiyar da mai jirgi ke yi kafin a sha shayi sai ta cinye masa hantsi.

Ba masunci kaɗai ke kuka ba. Ganyenta yana zuƙar ruwa yana sakinsa sama dare da rana, tabki ya riƙa janyewa da wuri. Tana toshe bakin tiyon injin ban ruwa. Tana tare mashayar dabbobi. Sauro yana samun maɓoya a cikinta, haka ma macizai. Katantanwar nan da ke ɗauke da tsutsar tsargiya, wato ciwon fitsarin jini, tana son maƙalewa a saiwarta. Yaran da ke wanka a wurin su ne ke ƙarewa a gidan likita.

Makiyaya sun fi kowa saurin gane wannan magana. Sun ga yadda garmani ya cinye burtali da wuraren kiwo a jihar Maraɗi, dabba ba ta damu da shi ba, ciyawar kirki kuma ta rasa wurin fita. Abin da garmani ya yi a tudu, shi baƙuwar kainuwa ke yi a ruwa, sai dai ta fi shi gaggawa.

Ta wace hanya za ta iso mana?

Nan ne gindin maganar. Mu bi gulbinmu mu gani.

Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa. Yana biyowa ta Jibiya, inda aka yi masa madatsa wajen shekara ta 1990. Ya shigo ƙasarmu, ya ratsa ƙasar Madarunfa, ya wuce Jiratawa, ya wuce Maraɗi, ya wuce Tsibiri da Gidan Rumji. Daga nan ya koma Najeriya, ya faɗa gulbin Rima, ya bi ta Goronyo da Sakkwato, har ya kai kogin Isa. Tabkin Madarunfa kuwa, wanda ke kudu da Maraɗi da tafiyar kilomita 20 da 'yan kai, yana samun ruwa daga gulbin Gabi, kuma in ruwa ya cika suna gamuwa da gulbin Maraɗi.

To, kun gani. Ruwanmu ne ke zuwa kogin Isa, ba na kogin Isa ke zuwa mana ba. Ciyawa ba ta da ƙafa. Ba ta da filafili. Ba ta iya haura gulbi ta yi gaba da ruwa. Ta Yamai, ta Gaya, ta Yawuri, duk ba su da hanyar zuwa Madarunfa da kansu. In sun zo, a mota suka zo.

Ga misali. Wani masunci ya tafi cin rani bakin kogi. Ya samu, ya sayi kwalekwale mai araha a can. Ranar komawa gida aka jawo jirgin daga ruwa da safe, aka naɗe taru jiƙe aka cusa a ciki, aka rufe da tamfol, aka ɗora bisa babbar mota. Ƙarƙashin katakon zama akwai sauran ruwa da laka. Cikin tarun akwai 'yar ƙaramar ciyawa, ba ta kai tafin hannu ba. Tamfol ya kare ta daga rana. Kwana ɗaya ko biyu mota ta iso. Gari na wayewa mutumin ya tura jirginsa cikin tabki, ya warware taru, ya kwashe ruwan cikin jirgi da ƙwarya ya zubar. Shi ke nan. Bai yi nufin mugunta ba. Bai ma san ya yi wani abu ba.

Masunta ba su kaɗai ke da hannu ba. Tabkin Madarunfa wurin baƙi ne. Akwai masu ziyarar kushewun waliyyai 99 da ke kewaye da shi. Akwai ma'aikata da 'yan makaranta masu zuwa a zagaya da su cikin jirgi. Akwai masu fatsa don nishaɗi, yau suna nan, wani satin suna wani tabki da bokitinsu da komarsu. Akwai kuma wanda ya ga fure mai kyau a Yamai, ya tsinko ya sa a gwangwani ya kawo gida, da ya yi masa yawa ya zubar a magudana. Damina ta zo ta kwashe.

Kuma abin da ya faɗa ruwa a sama, na ƙasa ne ke karɓarsa. Dattawa suna ba da labarin 1945, shekarar da gulbi ya ci tsohon garin Maraɗi har aka koma bisa tudu. Ruwan da ya ɗauki gidaje ba ciyawa ce za ta yi masa nauyi ba. Cika ɗaya ta isa ta raba ta ga kowace fadama daga Jiratawa har Gidan Rumji. Shi ya sa mai lambu a Tsibiri, ko bai taɓa shiga jirgi ba, maganar jirgin Madarunfa ta shafe shi.

Wani zai ce: "Ai gulbinmu ƙafewa yake yi da rani. Rana za ta kashe ta." Rana tana kashe ganye, gaskiya ne. Amma irinta yana kwanciya cikin busasshiyar laka fiye da shekara 15, yana jiran ruwa. Ban da haka, tabki ba ya ƙafewa duka, kuma akwai gurabun da ke riƙe ruwa har bazara. Tushe kaɗan ya isa ya tsallake rani.

Abin da mai jirgi zai yi

Aikin ba ya son kuɗi. Yana son ido da haƙuri. Ana yinsa duk lokacin da jirgi ko kayan su za su bar wani ruwa su shiga wani.

Da farko a duba, a tsince, a wanke. A yi wannan tun a bakin ruwan da aka fito, kafin a ɗora kaya a mota ko amalanke. A jawo jirgi bisa tudu. A ɗaga katakon zama. A bi tsagar katako da tsinke, a fitar da laka. A duba igiya, da dutsen da ake ɗaure jirgi da shi, da filafili, da sandar tuƙi. In jirgin mai inji ne, a duba farfelar injin, nan ciyawa ta fi son naɗewa. A warware taru gaba ɗaya, a bi shi taku-taku. Gura da undurutu a zazzage su. Gorar da masunci ke hawa ita ma a goge ta. Har takalmin roba da ƙafar amalanke, in sun shiga laka.

Abin da aka tsince kada a mai da shi ruwa. Kada kuma a bar shi bakin gaɓa inda cika za ta iske shi. A kai shi nesa bisa tudu, a shanya, in ya bushe a ƙone, ko a haƙa rami a binne.

Sai a zubar da ruwa duka. Na cikin jirgi, na bokiti, na jarka, na tiyo, na cikin injin ban ruwa. A zubar da shi bisa rairayi, inda ƙasa za ta shanye. Kada a ɗauki ruwan wani tabki a juye cikin wani, ko da ya yi garau kamar na rijiya.

Me ya sa har da ruwa mai kyau? Don ba duk abin da ke cikin ruwa ido ke gani ba. Irin baƙuwar kainuwa ƙanana ne, sun yi kusa da ƙwayar gero. Ƙwan katantanwa da 'ya'yanta sun fi haka ƙanƙanta. Mutanen Amurka sun koyi wannan da tsada. A 1988 aka ga wata 'yar ƙaramar ƙumbar ruwa, dangin makankari, a wani tabki tsakanin Amurka da Kanada. Daga wajen Rasha ta zo, cikin ruwan da manyan jiragen teku ke ɗauka don daidaita nauyi. 'Ya'yanta ido ba ya ganinsu. Uwa ɗaya tana iya yin ƙwai har miliyan a shekara. In sun girma sai su manne a bututun ruwan sha da na gidan wuta, su toshe su. Daga manyan tabkunan nan, jiragen shan iska da mutane ke ja a bayan mota su ne suka riƙa kai ta ƙananan tabkuna, ɗaya bayan ɗaya. Yau a wasu jihohin ƙasar doka ce: ba ka hawa hanya da jirgi sai ka cire masa ciyawa ka zubar da ruwansa, in ba haka ba a ci ka tara. Akwai ma'aikata a mashigar tabki masu duba kowane jirgi. Mu ba mu da waɗannan ma'aikata a kowace mashiga. Amma muna da abin da ya fi nasu ƙarfi, wato rana.

Shi ne aiki na ƙarshe, shanya. A kife jirgi a rana kwana biyar. A baza taru da koma bisa rairayi ko bisa igiya, a riƙa juya su, har ko'ina ya bushe ƙayau. Naɗaɗɗen taru yana riƙe laima a cikinsa kwana da kwanaki, ko da bayansa ya bushe. Kada a ruɗe ku da wannan.

Mun san abin da masu kwalekwale za su ce. Jirgin katako in ya daɗe a rana yana tsagewa, ya riƙa yoyo. Kuma kwana biyar babu su, kwana biyar ne babu cefane. Wannan magana ce ta gaskiya, ba ta ragwanci ba. Ga abin da muke gani. Ba kullum ake wannan shanya ba. Jirgin da ke kwana a tabki ɗaya shekara da shekaru ba ya bukatarta. Sai ranar da zai canja ruwa. Wanda ya san zai tashi, sai ya fitar da jirginsa da wuri, kwanakin shiri da na hanya su shiga cikin lissafi, muddin a kife yake, ba a rufe da tamfol ba. Wanda ke tsoron tsagewa, ko wanda ba shi da kwana biyar, sai ya dafa ruwa ya yi zafin da hannu ba ya iya taɓawa, ya kwarara cikin jirgi, lungu-lungu, bayan ya kankare laka. In katako ya ɗan buɗe, toshiya aikin yini ɗaya ce. Tabki in ya rufe, aikin shekaru ne.

Kada a zuba maganin ƙwari ko maganin ciyawa a jirgi a ce wanki ake yi. Ƙarshensa cikin ruwa ne, kifi da dabbobi su sha.

Sarkin ruwa da masu gari

Al'ada ce, baƙon masunci ba ya jefa taru sai ya gai da sarkin ruwa. Al'adar nan ta zo daidai da wannan aiki. In baƙo ya zo gaisuwa, a tambaye shi daga wane ruwa ya fito, kuma yaushe ya fitar da jirginsa. A tura yaro ya duba jirgin da tarun. In da laima, a nuna masa wurin shanya. Wannan ba wulaƙanta baƙo ba ne. Ɗan gari ma in ya dawo daga cin rani, haka za a yi masa. In an fara da ɗan sarkin ruwa, ba wanda zai yi gardama.

Masu zagayawa da baƙi cikin jirgi, ku ne idon tabki, don kullum kuna bisa ruwa. Ku gaya wa baƙinku da ladabi: ba a jefa wata ciyawa ko wani kifi da aka zo da shi. A 2019 aka sa tabkin Madarunfa cikin jerin wuraren ruwa masu daraja na duniya, ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar. Abin alfahari ne. Amma takarda ba ta tsince ciyawa daga taru.

Maganar zuba kifi

A ƙasarmu ana ɗebo 'ya'yan kifi daga wani tabki a zuba a wani, don a samu abin kamawa. Aiki ne mai amfani, ya ciyar da garuruwa da yawa. Sai dai ku tuna, kifin cikin ruwa ake ɗauko shi, a tano ko a jarka. Ruwan nan shi ne abin tsoro. Kada a ɗebo daga tabkin da ke da baƙuwar ciyawa. In an iso, a tsamo kifin da koma a sa shi, ruwan hanya a zubar a tudu. Kuma kada kowa ya yi gaban kansa. A bi ta hannun ma'aikatan ruwa da gandun daji.

Kifi ma yana iya zama baƙon da ya fi ƙarfin mai gida. Giwan ruwa namu ne, muna sonsa, yana da kuɗi. Amma a shekarun 1950 aka zuba shi a tabkin Biktoriya, inda da babu shi. Ya girma ya bi ƙananan kifayen wurin da ci, har iri wajen 200 suka ɓace ko suka kusa ɓacewa. Wasu sun yi arziki da shi. Talakawan da ke cin ƙananan kifin kuwa sun ji jiki.

Haka kuma kada wani ya kawo baƙuwar ciyawa da sunan zai yi taki ko abincin dabbobi. Gaskiya ne, a bakin kogi wasu masu lambu suna tara baƙuwar kainuwa su ruɓar da ita su yi taki. Su ta riga ta same su, suna rage asara ne. A 1999 wata ƙaramar ciyawar ruwa mai suna salbiniya, wadda aka kawo don gwaji, ta kuɓuce ta faɗa kogin Senegal. Cikin 'yan watanni ta rufe mashigai da hanyoyin ban ruwa. Sai da aka kawo wani ƙwaro mai cinta daga waje kafin a shawo kanta.

Kacalla fa?

Masu karatu za su tambaya, don ita ce suka fi sani. Kacalla doguwar ciyawa ce, ta fi mutum tsawo, kanta kamar zangarniyar gero. Ita ba daga wata nahiya ta zo ba, tana nan tun da. Abin da ya canja shi ne ruwa. Kacalla tana son ruwa marar zurfi, wanda ke kwance shekara duka. Inda ruwa ke cika ya janye, ba ta samun sakewa. A fadamun Haɗeja da Nguru, bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwa ya daina ƙafewa a wurare da yawa. Kacalla ta toshe hanyoyin jirgi, ta cinye gonakin shinkafa, ta zama gidan jan baki masu cin hatsi. A ƙasarmu ma ta kama tabkuna da dama a jihohin Doso da Tawa da Damagaram.

Irinta iska ke ɗauka. Zangarniya ɗaya tana da iri dubu-dubai. Don haka wankin jirgi kaɗai ba ya tsare ta. Amma yana ragewa, don irin yana manne wa jiƙaƙƙen taru da laka, guntun saiwarta kuma in ya faɗi wuri mai laima yana tsirowa. Masu aiki a fadamar ban ruwa ta Jiratawa, ku riƙa duba magudanan da ruwa ke kwanciya a ciki. Nan take fara kafa gindi.

Ƙona kacalla ba ya kashe ta. Wuta tana cin ganye, saiwa tana ƙasa tana jira. Ta ganyen da ke sama take shaƙar iska ta aika wa saiwa. Saboda haka a yanke ta ƙarƙashin ruwa, kamar taƙi ɗaya ko fiye, kafin ta fitar da kai. In ta sake tsirowa a sake yankewa, sau biyu ko uku a jere. Saiwar sai ta shaƙe ta ruɓe. Abin da aka yanka ba asara ba ne. Ana yin asabari da rufin ɗaki da shi. A Senegal da Muritaniya har gawayi ake yi da shi.

In ka ga baƙuwar kainuwa

Kada ka ce bari sai ta yi yawa a gani. Kada ka sare ta da adda cikin ruwa, kowane guntu mai ido zai zama sabon tushe. Ɗauke ta ɗungum, da saiwa da 'ya'ya, ka sa a buhu. Ka duba kewayen wurin da kyau, musamman inda iska ke tara shara, da cikin burgu da bado, inda ƙanana ke ɓuya. Ka riƙe tushe ɗaya ka kai wa mai gari da ma'aikacin ruwa da gandun daji mafi kusa, su tabbatar ita ce. Ka gaya masu wurin da ranar. Sauran ka shanya a tudu ka ƙone.

Bayan haka a riƙa komawa wurin kowane sati har ruwa ya janye, a kuma sake dubawa da damina mai zuwa. In ta riga ta yi fure kafin a gan ta, to akwai iri cikin laka, dubawar ta shekaru ce.

Inda ta riga ta yi ƙarfi, akwai wasu ƙananan ƙwari biyu daga ƙasarta ta asali, masu cin ganyenta, tsutsarsu kuma tana huda kumburin nan har ruwa ya shiga ta nutse. An sake su a Benin tun 1991, daga baya aka kai su tabkin Biktoriya, kuma sun rage ta ƙwarai. Ba su cin gero, ba su cin dawa. Amma aikinsu yana ɗaukar shekara uku zuwa biyar ko fiye, kuma ba su ƙarar da ita duka. Sakinsu aikin gwamnati ne da masu bincike. Manomi ko masunci ba ya ɗebo su da kansa.